Banza Ta Kai Zomo Babbar Kasuwa

Na san abin da ke bakinku, 'yan Babbar Kasuwar Yamai, tun ban buɗe nawa ba. Cewa za ku yi aikin yi ya ƙare wa malamin nan: mu da ke fama da kuɗin haya da na dako da na duwan, ina ruwanmu da wata sabar? Ku sassauta. Ba ni na kawo zancen ba, 'ya'yanku ne. Yaron da Alhaji ya biya wa makaranta har ya gama, shi ne ya dawo ya ce a buɗe wa shago shafi a intanet, mai son shadda daga Agadas ko Diffa ya ga kaya da farashi ba sai ya kwana a mota ba. Alhaji ya ce a yi. Sai kamfanin da za a kama haya a wajensa ya jefo tambaya: Windows ko Linux? In Linux ne, wanne daga ciki, Ubuntu ko Debian ko AlmaLinux? Nan ne yaro ya dubi uba, uba kuma ya shiga gyaran hula.

Shafin intanet ba a iska yake rataye ba. Cikin wata kwamfuta yake zaune wadda ba a kashe ta dare da rana, ita ce sabar, kuma tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Sunan wannan manhajar ake tambayar ku, ba wani tsafi ba.

Ga Hajiya can layin atamfa ta ɗaga hannu. Ta ce ita WhatsApp ya ishe ta: ta ɗora hoto da safe, kafin azahar an turo kuɗi ta Nita ko Amana, an kai kaya tasha. Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa, kuma ba zan yi gardama da ke ba. Yawancin masu shago ba su da bukatar sabar tasu, wanda duk ya ce miki dole ne, kuɗinki yake hari. Sai dai ki tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya kusan awa 6, kowa na ta kashe waya yana kunnawa yana zagin layin da bai ci ba bai sha ba. Ran nan duk wanda shagonsa ke cikin gidan mutum ɗaya ya gane cewa ɗan haya ne. Sannan wayar nan ta hannunki, Tecno ce ko Itel ko Samsung, Android ke cikinta, shi kuwa Android a kan Linux aka gina shi. Shekara da shekaru kina yawo da Linux cikin jaka, tare da carbi da makullin shago, yau ki ce ba ki san shi ba?

Alhaji shi ba wannan ya dame shi ba. Farashi ya tambaya. Aka ce Windows na sabar, lasisinsa ya haura dalar Amurka 1,000, wato fiye da jikka ɗari biyar, in kuma haya ka kama za a riƙa ƙara maka kuɗinsa kowane wata. Ya ce to, ɗayan fa? Aka ce kyauta. Ya yi salati ya ja kujera baya. "Kyauta? Yaro, banza ba ta kai zomo kasuwa. Araha ba ta ado. Kawo mini mai tsadar." Shi ke nan, mutumin da zai ɓata rabin yini yana ja-in-ja a kan dala biyar, yau shi ke roƙon a caje shi.

Ranka ya daɗe, wannan banzar ta kai zomo kasuwa, har ta sayar ta dawo da riba. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux a 1991, ya sake shi ga duk mai so ya duba, ya gyara, ya ƙara. Debian ya fito a 1993, ɗaruruwan masu sa kai ke riƙe da shi har gobe. Ubuntu ya zo a 2004, kuma ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa kamfanin Canonical da ke yin sa. Tun ƙarshen 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da shi, babu ko ɗaya da ta ware. A 2019 kamfanin IBM ya zaro dalar Amurka biliyan 34 ya sayi Red Hat, kamfanin da sana'arsa ke nan, kula wa manyan ma'aikatu da Linux ɗinsu. Ka ji kuɗin zomon banza. Shi kansa Microsoft, da shugabansa na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux cutar daji a 2001, yau yana ba da hayar sabar masu Linux a rumbunansa yana karɓar kuɗi yana murmushi. Maƙerin Windows ɗin ya sauko, kai kana can bisa kana kare masa mutunci.

Na hango wani Bagobiri, taubashina, yana zumɓura baki. Wai shi Windows ya sani, yana da hotuna, ana latsawa da linzami. Linux kuwa baƙin allo ne da rubutu kamar hatimin boka. Bawana, ai kai ko farin allon aka ba ka sai Bakatsine ya karanta maka. Ba kai za ka zauna gaban baƙin allon ba. In hayar haɗaka kuka kama, wadda shafuka da yawa ke zaune cikin sabar ɗaya, kamfanin ya riga ya zaɓa muku, kusan kullum Linux ne, abin da yaronka zai gani shi ne allon cPanel mai hotuna da maɓallai, ya ɗora WordPress ya jera hotunan kaya. Ga shagon da ke da hoto ɗari biyu da lambar waya, wannan ya wadatar. Zaɓi yana faɗowa kanku ne in kun kama naku yankin ku kaɗai, wanda ake samu daga wajen Yuro 5 a wata, jikka uku da 'yan kai. Araha, amma daga ranar gadi ya dawo wuyanku.

Kada masoyan Windows su ce na yi musu rashin adalci. In wanda ya rubuta muku manhajar lissafi ko ta ajiyar kaya da tsohon ASP.NET ya gina ta, ko da Access, to Windows za ku ɗauka, ku biya, ba kunya a ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne Windows ɗin nan da yara ke zuba muku daga filashi, wanda ba a san uwarsa ba balle ubansa. A kwamfutar buga rasit, tsakaninku da Allah. Amma a sabar da ke buɗe ga duniya, da sunayen masu sayen kayanku da lambobinsu a ciki? Ranar 12 ga Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ƙasashe wajen 150 tana kulle na'urori masu Windows tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin takaicin, Microsoft ya fitar da facin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda suka sha wuya su ne waɗanda ba su liƙa ba.

Kuma kada 'yan Linux su yi mini tafi da wuri. Ba laya ba ce. A Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, wanda ɗimbin sabar masu Linux ke ɓoye sirri da shi, aka kwana ana faci ana canja kalmomin sirri. Kowace manhaja tana yagewa. Maganar ita ce wa zai ɗinke, kuma har yaushe maƙeranta za su ci gaba da aiko da faci.

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne nake so ku kasa kunne, ku da kuka iya duba ranar lalacewa a gwangwanin tumatir kafin ku sauke kwali. Kowace babbar manhaja tana da ranar da za a daina kula da ita. Windows Server 2012 an rufe littafinsa ranar 10 ga Oktoban 2023. Ubuntu yana fitar da mai dogon wa'adi, wanda ake rubuta wa LTS, duk shekara biyu a watan Afrilu, da alkawarin faci na shekara 5: na 24.04 zai kai 2029. Sauran fitowarsa na tsakani wata 9 kacal suke yi, wanda ya ɗora shago a kansu ya sayo wa kansa aiki. Debian ba ya gaggawa, sai abu ya nuna yake saki, da tsohuwar zuma ake magani. Sai labarin CentOS, wanda ya kamata a riƙa ba wa masu son banza da dare. Shekaru ana rububinsa domin Red Hat ne ba tare da kuɗi ba. An yi alkawarin CentOS 8 zai kai 2029. A Disambar 2020 aka wayi gari da sanarwar cewa ƙarshen 2021 za a yanke shi. Shekara takwas ta tafi a takarda ɗaya. Daga wannan fushin ne AlmaLinux da Rocky Linux suka fito a 2021. CentOS 7 ma ya cika ranar 30 ga Yunin 2024. In yau wani ya ce zai ɗora muku shafi a kan CentOS 7 ko 8, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin ƙofa. Alhaji, ka ga na ba ka rabin gaskiya: wani lokacin banzar tana kai zomon, ta bar shi a tsakar kasuwa.

To wanne za a ɗauka? Ku dubi tasin Yamai. Me ya sa kusan duk Toyota ne? Ba don babu motar da ta fi ta kyau ba. Don ko ina ta tsaya akwai bakaniken da ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sai an yi odarsu ba. Manhajar da yaronku ya iya, wadda in ya samu aiki a Kwatano ya tafi za ku sami wani a jami'ar Abdou Moumouni ko cikin unguwa da zai karɓa ba tare da ya rushe komai ba, ita ce taku. Wanda ya zo yana muku burgar FreeBSD, wai da shi Netflix ke tura finafinai, gaskiya ya faɗa. Ku tambaye shi mutum nawa ya sani a garin nan da za su iya tashe shi ranar da ya faɗi shi kuma yana ƙauye wajen biki.

Saura mai wayon cikinku, wanda ya ce me zai sa ya biya haya, ga tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin kanta, a mai da ita sabar. A watan Afrilu? Da zafin da ke haura digiri 40, da ƙura, da wutar da ke zuwa gaisuwa ta koma? Ko ka manta watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, gari ya koma hannun janareto? Kuma ku ne mutanen da bai kamata a yi wa wa'azin gobara ba. Kasuwar nan ta ƙone a 1982, sai 1987 aka buɗe wannan ginin da kuke ciki. Wuta ta sake taɓa ta a 2009, ta cinye Ƙaramar Kasuwa a 2012. Kada kuma ku ce Turai ta tsira: ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga rumbunan kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, waɗanda kwafin ajiyarsu ke cikin gini guda da sabar suka tashi a tutar babu. Wutar ba ta tsaya tambayar wa ke Windows wa ke Debian ba.

Ga hukuncina, mai jin haushi ya ji. Ƙaramin shago ya kama hayar haɗaka ya huta. Wanda ya girma har yana son nasa yankin, ya ɗauki Ubuntu mai LTS ko Debian. In yaron ba ya iya motsi sai da cPanel, AlmaLinux. Windows sai in manhajarku ta tilasta, kuma na halal. Kafin ka tura ko dala, Alhaji, ka sa yaron ya rubuta maka a takarda sunan manhajar, da ranar da wa'adinta zai ƙare, da inda kwafin kayanka ke kwana, kuma kalmar sirrin ta zama kana da ita kai ma. In ya fara kame-kame, ka mayar da kuɗinka aljihu.