Wasiƙa Daga Ƙauyen Bibury

Taubashina,

 Ka matsa in ba ka labarin Ingila. To, ajiye danƙon harbinka ka saurara.

Kusa da inda nake zaune akwai wani ƙauye, Bibury, a yankin Gloucestershire. Mutanensa ba su kai dubu ba, masu cin tuwon bikinka ma sun fi su yawa. Kogin Coln ya ratsa ta tsakiyarsa, ruwa garau, kana hango kifi kwance a ƙasa. Akwai gonar kifi da aka kafa tun 1902. Agwagi kuwa, ƙosassu, har bakin titi suke bin mutum suna neman abinci. Akwai wata farar tsuntsuwa mai dogon wuya, wadda a tsohuwar dokarsu, in dai ba ta da alamar mai ita, ta Sarki ce. Da kai ne a nan, kafin la'asar ka ɗora tukunya, kafin magariba kana hannun 'yan sanda!

A gefen kogin akwai fadamar Rack Isle, inda a da masaƙa suke shanya ƙyalle. Yau ɓeran ruwa ne ke holewa a ciki, doka na kare shi. Ka ji fa, mai bin gafiya da hayaƙi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne jerin gidajen Arlington Row. An gina su da dutse wajen 1380 don ajiyar ulu, a ƙarni na 17 aka mayar da su gidajen masaƙa. Ƙofofinsu gajeru ne, dogo irinka sai ya rusuna ko bai yi niyya ba. Rufin ma faifan dutse ne, gansakuka ta lulluɓe shi. Har yau mutane na kwana a ciki, an ma taɓa buga hotonsu a fasfon Birtaniya. In dutse ɗaya ya faɗo, irinsa ake nemowa a mayar.

Shi ya sa da na ji kana shirin rushe zauren Kaka ka zuba bulo, hankalina ya tashi. Don Allah ka dakata. Nemo magini ya yi masa yaɓe kafin damina, ni zan biya. Wanda ya bar na gida ya lalace, me zai nuna wa jikoki?

Kuɗin sharata na bana kuma yana wuyanka, nisa ba ya kashe bashi.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Taubashinka