Madalla da Teksas, Jihar da Ta Yafe wa Mai Bindiga Karatu

A jinjina wa 'yan majalisar jihar Teksas ta Amurka, a jinjina wa Gwamna Greg Abbott, domin sun sauke wa jama'a nauyin da ya daɗe yana danne musu wuya. Tun daga 1 ga Satumba 2021, duk wanda ya cika shekara 21, muddin doka ba ta riga ta haramta masa riƙe makami ba, yana iya soka ƙaramar bindiga a kube, ya ɗaura a ƙugu kowa na gani, ya shiga gari. Ba a neman lasisi, ba mai tambayarsa ko ya taɓa jan kunama ko sau ɗaya.

Ku dubi irin zaluncin da ake yi a da. Sai mutum ya zauna a aji na awa huɗu zuwa shida, ana ɓata masa lokaci da bayanin inda doka ta yarda a yi harbi, da yadda ake adana makami nesa da yara, da yadda ake kashe rigima da fatar baki. Ya rubuta jarrabawa, a ɗauki tambarin yatsunsa, sannan a kai shi filin gwaji a ba shi harsashi 50, ya harba daga nisan yadi 3, yadi 7 da yadi 15, kuma sai ya ci kashi 70 cikin ɗari. Wuni guda cur! Wane ɗan 'yanci ne zai lamunci wannan, don kawai kada ya auni ɓarawo ya sami yarinyar maƙwabta?

Hikimar jihar ba ta tsaya nan ba. Mai son yin sana'ar aski sai ya yi horon awa 1,000 kafin a yarda ya kai aska kan mutum. Mafarauci kuwa, in an haife shi daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau, sai ya yi kwas na farauta. Barewa dai ta samu gata. Mutanen da ke layin biyan kuɗi a kanti, su ma ai Allah na nan.

Shugabannin 'yan sandan manyan birane, har da na Dalas, sun roƙi a dakata. Me suka sani? Iyaka dai 'yan sandan Dalas ɗin ne suka kwashi gawarwakin abokan aikinsu biyar a daren 7 ga Yuli 2016, lokacin da wani ya buɗe wuta ana tsakiyar zanga-zanga. A cikin taron akwai masu rataye da dogayen bindigogi bisa yardar doka. Harbi na tashi kowa ya ranta a na kare, 'yan sanda suka rasa wanda za su bi, har suka baza hoton wani bawan Allah da bai ci ba bai sha ba, suna nemansa. Majalisa ta yi nazari, ta gano cewa maganin wannan ruɗani shi ne a ƙara yawan masu bindiga a titi, a kuma rage musu horo.

Abin alheri ba ya ɓuya: yau fiye da rabin jihohin Amurka ba sa neman lasisin yawo da ƙaramar bindiga, a ƙasar da harsashi ya kashe mutum fiye da 48,000 a 2021, kuma tun 2020 ya zarce haɗarin mota wajen ɗauke rayukan yara da matasa. To, a ƙara musu da sabon hannu, wanda ya sayi makami da safe, da yamma wani ya sha gabansa a danja, zuciya ta ɗebe shi, yatsansa kuma ya riga hankalinsa isa kan kunama.