Wata 274, wa zai duba?

Ranar Juma'a, 19 ga Yuli, 2013, cikin watan azumi, an ɗauki hoton mutanen Kazaure ba tare da an nemi izinin kowa ba. Mai hoton shi ne kumbon Cassini na hukumar NASA, wanda ya bar duniya a 1997, bai isa duniyar Zuhal ba sai 2004. Ya laɓe a inuwarta, nisan kilomita kusan biliyan ɗaya da rabi, ya harbo. An ma ce jama'a su ɗaga hannu su yi murmushi. A agogonmu goma da rabi na dare ta kusa, an idar da asham, 'yan Roni da Gwiwa na neman makwanci.

Da hoto ya fito, zoben Zuhal, wanda yawancinsa ƙanƙara ce, ya cinye fili. Duniyarmu kuwa ba ta kai ƙwayar gero ba. Duwatsun Kazaure da muke tinƙaho da su, ko alama.

Ni abin da ya dame ni watannin Zuhal ne. A lissafin Maris 2025, Zuhal na da 274. Mu ɗaya tak Allah Ya ba mu, amma wata shekarar mutumin Babura na kai azumi maƙwabcinsa na Nijar ya riga ya ci tuwon Sallah. Ka ba mu 274, ai kwamitin ganin wata sai ya nemi a yi masa ritaya.