Sannunku da Ƙoƙari, Likitocin Rongelap

Duk mai cewa gwamnatoci ba sa kashe kuɗi a kan lafiyar mata, to bai ji labarin alherin da Amurka ta yi wa matan Rongelap ba. Rongelap ɗan tsibiri ne cikin Tsibiran Marshall, can tsakiyar tekun Pasifik, amma shekara da shekaru likitoci na tsallaka teku takanas ta Kano su ɗebi jinin matan nan su auna, ko sisi ba a karɓa.

Bincike ba ya yiwuwa sai da abin bincikawa, gwamnati kuwa ba ta bar wa kowa wannan ɗawainiya ba. Ranar 1 ga Maris 1954 ta tayar da bom ɗin Bravo a tsibirin Bikini, mai ƙarfin na Hiroshima kusan sau dubu. Ta ce iska ce ta juya. Bayan 'yan sa'o'i farar toka ta soma zubo wa Rongelap, yara suka yi ta wasa a ciki. Mata kuwa, da yake da man kwakwa suke gyara gashi, sai tokar ta manne musu a ka, ta kuma faɗa ruwan shansu. Amurkawa 28 da ke tsibirin Rongerik aka fara kwashewa, don wanzami ba ya son jarfa. Mutanen Rongelap sai da suka kwana biyu cikin amai da ƙaiƙayi kafin a zo ɗaukarsu.

Daga nan aka buɗe shiri mai lamba 4.1, na nazarin abin da tururin nukiliya ke yi wa jikin ɗan Adam. Tsari sai wanda ya gani: kowace mace da lambarta, an ɗauki hoton ƙunar wuyanta, an ɗauki na gashin da ya zube. Ba a wahalar da ita da neman izini ba. A 1956 wani jami'in hukumar nukiliyar Amurka, Merril Eisenbud, ya ƙara karrama mutanen tsibiran, ya ce ko da yake ba rayuwar wayayyu suke yi ba, sun fi ɓeraye kama da Turawa. A 1957 aka mayar da mutanen Rongelap gida, suka ci gaba da cin kwakwa da kifin wurin, likitocin cibiyar Brookhaven kuma suka rubuta cewa zamansu a can zai samar da bayanai masu daraja.

Ina ma matan sun tsaya a kan abin da aka tambaye su! Ana auna musu jini, su kuma suna ta kawo ƙarar mahaifa: wannan ta yi ɓari, waccan ɗa ya zo babu rai, wata ta haifi gudan tsoka marar ƙashi, ya ɗan yi motsi ya mutu, aka binne shi a ɓoye saboda kunya. Alƙaluman likitocin da kansu sun nuna ɓari da haihuwar ɗa marar rai sun kusa ninkawa a shekarun farko tsakanin matan da tokar ta taɓa. Amma malamai masu taka-tsantsan ne, suka ce matan sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu. Gaskiyarsu. Laifin uwayen ne da ba su yi yawa ba. Aka jira har ƙulluttai suka fara fitowa a maƙogwaron yara daga 1963, sannan aka sami abin da za a fiɗe.

Lijon Eknilang tana da shekara takwas tokar ta zubo mata. Ta yi ɓari sau bakwai. Da ta ga littafin likita ba shi da gurbin 'ya'yanta, sai ta kai maganar Kotun Duniya a Hague a 1995, ta faɗa da bakinta.

Kada a ce an yi wa matan Rongelap wariya, don mata duka aka yi wa adalcin. A 1975 hukumar duniya mai tsara kariya daga tururin ta fitar da ma'aunin ɗan Adam: namiji, Bature, ɗan shekara 20 zuwa 30, mai nauyin kilo 70. A 2006 rahoton cibiyar kimiyya ta Amurka ya nuna cewa in tururi ɗaya ya bugi mace da namiji, ita ta fi shiga haɗarin kansa. Shekara 52 kacal bayan Bravo.

Mutanen Rongelap dai sun yi butulci. Suka roƙi a kwashe su, aka ce tsibirin lafiya lau, sai a 1985 suka hau jirgin ƙungiyar Greenpeace suka koma tsibirin Mejatto, suka hutar da baitulmali kuɗin mai. A 2007 kotun diyya ta tsibiran ta yanke musu sama da dala biliyan ɗaya. Asusun diyyar da Amurka ta kafa a 1986 dala miliyan 150 ne, kuma a lokacin ya riga ya kusa ƙarewa.