Ayarin Zaure: Masu Shirin Zuwa Tenere

Da hunturu ya kunno kai, wajen watan Nuwamba, ba a rasa wata majalisa a Kano ko Maraɗi ko Damagaram da za ta tashi da shawarar shiga hamada. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu ɗan abin hannu, sun gaji da Yankari, sun kuma ga hotunan tuddan rairayi a waya. Lokacin da suke zaɓa daidai ne, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne mai hankali ke shiga can yawon buɗe ido. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 45. Wurin ma ya isa a je. Gandun Azbin da Tenere, wanda gwamnatin Nijar ta keɓe a 1988, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1991, faɗinsa murabba'in kilomita dubu 77 da 'yan kai, wato ya ɗan ɗara jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗi a Najeriya. Amma tun ba a tayar da mota ba ake samun abin kallo, a kan tabarmar da ake shirin.

Mai fara cire murfin biro shi ne Mai Lissafi. Yawanci akanta ne, ko malamin makaranta da ya saba tsara jadawalin jarrabawa. Ya rubuta Kano zuwa Damagaram kilomita wajen 240, Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Aderbissinat wajen 450, ya haɗa, ya raba da ɗari, ya ɗago kai yana murmushi: "Awa bakwai ne. Mu karya a Kano, mu yi la'asar a gindin hasumiyar Agadas." Iyaka ba ta cikin lissafinsa, shingayen jandarmomi ba su ciki, ramukan hanya ma haka. Abin da ya fi ba shi wahalar yarda shi ne daga inda kwalta ta ƙare, kilomita ta daina nufin abin da ya sani. Motar da ke shan lita kaza a kan titi takan sha kusan ninki biyu cikin rairayi mai laushi, kuma akwai yinin da rabinsa a haƙa yake tafiya, ana tone taya da shebur, ana shimfiɗa mata faranta na ƙarfe, ana turawa. Shi dai hutun kwana biyar aka ba shi a ofis, kuma cikin kwana biyar ɗin ya cusa Timiya da Iferwan da tuddan Temet da Bilma da kangayen Jado. A shafi na biyu har akwai layin da ya rubuta: "Kallon faɗuwar rana, minti ashirin."

Kusa da shi, a jingine da bango, akwai Na-Taɓa-Zuwa. Wannan shi ne babban bala'in kowace majalisa, don ba a iya ƙaryata shi gaba ɗaya. Ya je Agadas, gaskiya ne. Motar haya ta kai shi shekaru aru-aru da suka wuce, ya kwana biyu a tasha, ya sayo cuku da takalmin fata ya komo. Daga wannan kwana biyun ya gina sarauta. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ɗaga masa hannu: "Yaro, dakata. Mu da muka san wurin." In yana ba da labarin Agadas sai ka rantse shi ya yi wa Heinrich Barth jagora da ya shiga garin a 1850.

Labarin da ya fi so shi ne na Bishiyar Tenere, kuma a nan asirinsa ke tonuwa. Ya ce a 1985 ya shimfiɗa buzu a inuwarta, ya sha shayi, har ya yi ƙailula. Bishiyar dai ta taɓa wanzuwa: wata 'yar bishiyar ƙaya ce dangin bagaruwa, ita kaɗai tilo a tsakiyar fili, babu wata ta kowace fuska sai an yi tafiya mai nisan gaske, ayarin gishiri na yada zango wajenta ba mai karya mata reshe. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an iske saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana bin ruwa. Sai dai a 1973 wani direban babbar mota, duk faɗin hamadar nan, ya rasa abin da zai banka sai ita. An kwashe gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. In wani ɗan boko ya yi ƙarfin halin faɗin haka, Na-Taɓa-Zuwa ko gezau. Sai ya gyara hula ya ce, "Ai ita ta ƙarfen nake nufi. Ita ma tana da inuwa, in ka san gefen zama."

Sai Alhajin Kaya, mutumin kirki, mai yalwar hannu, wanda bai yarda a sha wahala da kuɗi a aljihu ba. Zai zo da katifa mai tudu, da janareto, da fanka, da kujerar roba, da ƙaramin firji. Hajiya kuwa, ko da ba da ita za a yi tafiyar ba, ita ce ke tsara rabin motar daga cikin gida: dambun nama bokiti guda, soyayyen kaji, yaji kala uku, miya a kula, har da turmi ƙarami don "ba a san abin da hali zai yi ba." In an gama ɗauri sai motar ta fito kamar ta kai kayan jeren amarya. Abin da ba wanda ya bar wa wuri shi ne ruwa. A yi lissafi mai sauƙi: mutum shida, kwana takwas, kowa lita goma a yini ta sha da girki da wanke hannu, lita 480 ke nan, jarka 24 masu cin lita ashirin, nauyin kusan rabin tan, ba a zo kan mai ba, ba a zo kan abin da lagireto zai nema ba. In aka faɗa wa Alhaji haka sai ya ce, "A sayi na leda a hanya mana." Fankar kuwa, da ya san daren Janairu a Azbin, inda sanyi ke sauka kusa da daskarar da ruwa, da bargo biyu ya sa a madadinta.

Abokin faɗansa na din-din-din shi ne mai ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, wanda ke ganin duk abin da ya wuce haka almubazzaranci ne. Shi ke fara miƙa hannu cikin dambun Hajiya tun ba a wuce Daura ba.

Ɗan Waya ba ya ɗaukar lokaci. Ya sauke taswira, ya ce madugu ɓarnar kuɗi ne, Google ya san ko'ina. Ba a jima da barin gari ba layi zai ɗauke, sai a bar shi da ɗigon shuɗi a tsakiyar allo mai ruwan ƙasa, ba titi ba suna. Waya ɗaya da ke aiki a can ita ce ta tauraron ɗan adam, irin su Thuraya, ita kuwa ya ce ta yi tsada. Ya dai sayi rawani tun daga Kantin Kwari, don hoto.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai son ganin namun daji. Da ya ji an ce gandu, sai zuciyarsa ta tafi kan giwa da zaki da ɓauna. Ya yi wa 'ya'yansa alkawarin hoton raƙumin dawa. Akwai shi kuwa, sai dai a jikin dutse: a Dabus, arewa da Agadas ta hanyar Arlit, mutanen zamanin da sun sassaƙa raƙuman dawa biyu shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da wurin ke da ciyawa da ruwa, babban ya haura mita biyar. Masu rai suna can Kure, kusa da Yamai, tafiyar da ba ta haɗa hanya da tasu ba ko kaɗan. Farar barewar hamada da Turawa ke kira addax, wadda saboda ita aka killace tsakiyar gandun, ta kusa ƙarewa. Binciken da aka yi a 2016 a yankin Termit da Tin Tumma uku kacal ya gani. Jiminar Azbin ma farauta ta cinye ta. Mai sa'a zai hangi barewa ta gilma da asuba, ko ragon dutse a can ƙololuwa. In aka lallashe shi da cewa a Gadufawa akwai ƙasusuwan manyan dabbobin farkon duniya, har da wanda aka raɗa wa sunan ƙasar, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500, sai ya yi shiru, can ya tambaya, "To shi ɗin yana fitowa da rana?"

Ɗan kasuwar cikinsu bai ga dalilin ƙona mai a dawo hannu rabbana ba. Tun da aka ambaci Bilma ya fara tambayar kuɗin kantun gishiri da buhun dabino, ya kuma gano cewa in aka cire kujerar baya za a samu wurin kantu arba'in. Masu zama a kujerar bayan bai ce komai a kansu ba. Ayarin raƙuman Buzaye ɗaruruwan shekaru yana wannan fatauci, ya kai gero Fachi da Bilma wajen Oktoba ya ɗauko gishiri, amma shi yana ganin bai samu mai yi masa tsari ba ne. In aka ce Jado kuwa, ba kangayen tsohon birnin yake ji ba, zinariyar da ta ɓulla can a 2014 yake ji.

Ustaz na majalisa yana da amfani, ban da ja. Shi zai tuna wa mutane ƙasaru da haɗa salla, ya kuma kwantar da hankalin kowa cewa wannan karon ba za a rasa ƙasar taimama ba. Wahalar ita ce in aka samu ustazai biyu. Daren da aka ware don maganar mai da taya sai ya ƙare a kan ko niyyar kwana huɗu a Iferwan ta yanke ƙasaru.

Akwai kuma Mai Labarin Tsaro, wanda ba ya zuwa taro sai da saƙon murya da aka turo masa daga wani da ya ji daga wani. Ana yi masa dariya, ana ce masa matsoraci, ni kuwa a nan ina ɗan ja da baya, don cikin tarkacen da yake kawowa akwai gaskiya mai nauyi. Yankin ya ga tawaye a shekarun 1990, ya sake gani daga 2007 zuwa 2009, har aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyin Azbin. Tun 1992 UNESCO ta sa gandun cikin wuraren da ke cikin haɗari. Shekaru da dama motocin Dirku ba sa fita Agadas sai ranar Litinin, a jere, da rakiyar soja. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 iyakar ma rufe ta aka yi wata da watanni. Ba wurin da mutum zai faɗa ba takardar hukuma, ba jagora, ba wanda ya san ranar komowarsa ba ne. Laifin mutumin guda ɗaya ne: da labarin jiya da na shekara goma sha biyar duk murya ɗaya yake karanta su, kuma bayan ya gama tsorata kowa, shi ke fara tambayar ko akwai sauran wuri a gidan gaba.

Shi kuwa Ku-Sa-Da-Ni bai taɓa fashin taro ba. Shi ya fi kowa zafi, shi ke cewa tafiyar nan ko ana ha-maza-ha-mata sai an yi ta. Kuɗin karo-karo ne dai kullum "gobe in Allah ya kai mu." An yi lissafin mai da shi, an yi na abinci da shi. Daren tashi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sai saƙo ya shigo: surukarsa ba ta jin daɗi. A tsaraba dai kada a manta da shi, dabinon Bilma yake so, da lemun Timiya in an samu.

Mafi yawan irin wannan ayari a zauren yake watsewa, a ɗaga zuwa baɗi. Wanda Allah ya nufa ya isa Agadas, ya ga hasumiyar ƙasa mai mita 27 da idonsa, a nan yake haɗuwa da mutum na ƙarshe, wanda bai halarci taro ko ɗaya ba. Madugu ne, Buzu, siriri, rawani ya rufe masa baki, yana durƙushe gaban 'yar butar shayi a kan garwashi. Mai Lissafi ya miƙa masa jadawali da hannu biyu. Ya karɓa, ya duba gaba, ya duba baya, ya ajiye a ƙarƙashin tire don kada iska ta ɗauka.

"Mota nawa gare ku?"

"Ɗaya ce, amma sabuwa ce fil."

"Ba a shiga da ɗaya. Safaya nawa?"

"Ɗaya."

"A nemo ta biyu, da fanbel, da famfon iska, don za mu rage wa taya iska a rairayi. Jarka nawa?"

Aka dubi juna. Ya miƙe ya zagaya motar, ya nuna janareto da firji da katifa da turmi, ya ce a kai su gidan ƙanensa a ajiye. Alhaji ya buɗe baki, ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wurin ruwa ne." Bilma ya ce ba wannan karon ba. Jado bai ma amsa ba. Na-Taɓa-Zuwa ya matso yana cewa ai shi ɗan gida ne, madugu ya tambaye shi a wace rijiya suka sha ruwa waccan shekarar, sai tari ya sarƙe shi.

Mai Lissafi, da biro a hannu, ya yi ta maza: "To ranka ya daɗe, in muka tashi yanzu, ƙarfe nawa za mu shiga Timiya?"

Madugu ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya, ya mayar, ya sake tsiyayawa har kumfa ta tashi, sannan ya miƙa masa ɗan kofi.

"Sha tukuna, Malam. Wannan na farko ne, saura biyu."