Wasiƙa Daga Garin Masu Fentin Gawa

Pittsburgh, Amurka

Zuwa ga taubashina a Argungu,

Ka gaida mini Inna da Kawu da duk mutanen gida, har da 'yan uwa na Birnin Kebbi. Kai kuwa taka gaisuwar tana nan a ajiye sai ranar da kuɗin shara ya iso. Gyara zama ka kunna fitila, domin zancen yau na matattu ne, kuma duk dangi an san yadda kake da hanyar maƙabarta bayan isha'i.

A ƙasar nan akwai dattawa masu furfura da ke sa kuɗinsu su sayi gawa a kwali. Kada ka zabura, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, kuma da rezin aka yi ta, wata roba ce da ake haɗa ruwa biyu a zuba a mazubi ta daskare. Kai daban yake zuwa, hannuwa daban, gangar jiki daban. Mai ita zai wanke ta da sabulu don maiƙon mazubi ya fita, ya goge tabon zubi da samfefa yana sanye da takunkumi saboda ƙurar tana cutar da huhu, ya liƙa gaɓoɓin da gam, ya fesa fentin farko. Daga nan sai aikin haƙuri: fenti mai ruwa-ruwa da zai kwanta cikin kwarmin ido, da buroshi kusan busasshe da zai fito da ƙashin kumatu. Gawar da suka fi so ita ce ta fim ɗin Night of the Living Dead, wanda George Romero ya fitar a 1968, inda matattu ke tashi su bi masu rai. A kewayen wannan birni aka ɗauke shi, baƙi da fari, da kuɗi kimanin dala 114,000.

Na san yanzu kana ta ƙyaƙyata dariya. Dara son ranka, sannan ka dubi abin da wannan sha'awa ta haifar. A maƙabartar wani ƙaramin gari mai suna Evans City aka ɗauki farkon fim ɗin, kuma har yau baƙi na zuwa ganin wurin. Da ɗan ɗakin ibadar da ke ciki ya tasam ma rushewa, masoya fim ɗin ne suka tara kuɗi aka gyara shi. A 1999 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda ƙasa za ta adana. Wanda ya share makonni yana fentin abu da hannunsa ba ya yarda a bar shi ya lalace, kuma ɗansa da ke kallonsa ya riga ya gaji labarin. Wannan ita ce hujjata: hannu yana riƙe tarihi fiye da kunne.

To, su ƙagaggen labari suka riƙe haka. Mu fa? Muna da Surame, birnin da Sarkin Kabi Kanta ya gina a ƙarni na 16, ganuwarsa ta dutse tana nan har yau. Muna da Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi. Muna da kogin Matan Fada da bikin kamun kifi da ya samo tsarinsa na yanzu a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016. Baƙon da ya zo daga nesa ya ga dubban masunta sun auka ruwa da homa da gora, me zai saya ya kai gida ya ɗora a kan tebur? Ƙaramin kwalekwale mai fenti da komarsa, ko ƙofar Surame da za a iya riƙewa a tafin hannu, zai yi ta ba da labarin Kabi a ɗakin da ba mu taɓa shiga ba.

Za ka ce mutum-mutumi ne, malamai sun hana. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban ce a sassaƙa mutum ko dabba ba. Jirgin ruwa da ganuwa da soro da rumbu da gora ba su da rai, kuma sun ishe mu aiki na shekaru. Za ka ce rezin da fentin Turawa sai mai dala. Yumɓu fa, da karan dawa, da ƙwarya, da icce? Yaran da ke ƙera motar langa-langa da gwangwanin madara sun riga sun iya awo da yanka da liƙi, malami kawai suka rasa da kasuwa. Za ka ce wasan yara ne. Masu zanen gine-gine a nan sukan haɗa ƙaramin samfurin gini kafin a zuba tubali, kuma ana biyansu da kyau. Hannun da ya saba da ƙaramin abu shi ake ba babba.

Saboda haka ga aikinka, tunda Allah ya hore maka baki fiye da na sanƙira. Ka je wurin masassaƙa da maginan tukwane ka kai musu wannan shawara, ka kuma yi wa malaman firamare magana su sa yara haɗa kwalekwalen Matan Fada kafin biki mai zuwa. Gawar kuwa na yafe maka, ba zan aiko ba, kada Inna ta rasa ɗa. Ka fara da jirgi ɗaya, ka aiko mini da hotonsa.

Wassalam,
Naka, taubashinka kuma ubangidanka.