Kuɗin Ajiya Ba Ya Son Komawa Gida

A cikin birnin Kano, musamman wajejen Kasuwar Kurmi da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, in za ka ɗauki hayar alkyabba, ta amarya ko ta hawan Sallah, bayan kuɗin haya sai ka ajiye wani abu. Wai in kaya sun dawo lafiya a miƙo maka abinka, kamar kuɗin kwalbar lemo a da.

Ranar ɗauka mai shago ba ya gani sosai. "Alhaji, ai sabuwa ce fil, ɗauka kawai." Ranar mayarwa kuwa ido ya warke sarai. Ya fito da ita bakin rumfa inda rana take, ya baje, ya juya, har da shinshinawa. Ga ɗigon miyar taushe a gefe, ga jan goro kusa da wuya. Zare ɗaya ya tashi, to wannan sai an kai Soron Ɗinki, kuma ka san tsadar zare yanzu. Turaren wutan da gwaggo ta turara ma laifi ne, wai ya lashi geza.

Kana tsaye ana zaftarewa har ya rage na Adaidaita Sahu. Shi ma ba a hannu ba.

Sai ka ji yaron shago ya ce: "Yallaɓai, maigida ya tafi Azahar da makullin durowa."

Ka dawo bayan La'asar, an ce ya wuce Kantin Kwari. Sai yaron shago ya rage murya: "Tunda na ji bikin ƙanwarka ya kusa, ai a bar kuɗin nan kawai."